Shekarar da Baba Ya Mayar da Bangon Gabas

A garinmu ba a cewa soron dagaci na dagaci ne, sai dai in baƙo ne ya faɗa. Shi dagaci zama kawai yake yi a ciki. Ginin kuwa a rabe yake tun zamanin kakanni, kowane gida da kasonsa. Wasu ke da bangon kudu, wasu na arewa, gidan maƙera ke da zankayen da ke bisa kusurwoyi, gidan liman ke da bakin ƙofa, mata kuma su ke da daɓen ciki. Mu bangon gabas muka gada. Wanda ya san damina a ƙasar Ikara ya san abin da wannan ke nufi, don ruwanmu daga gabas yake tasowa da iska a bayansa, kuma duk dukan da zai yi a kan bangon gabas yake saukewa. Ba a ba rago wannan kaso. Kakan Baba aka ba, ya bar wa ɗansa, har ya iso hannun Baba.

Garin namu ƙarami ne, can cikin gonakin Saulawa, in ba kana da wani a ciki ba babu abin da zai kai ka. Amma soron nan ya fi ƙarfin garin. Tun daga nesa, kafin ka ga rufin kwanon kowa, zankayensa za ka fara hangowa sama da kan dawa. In ka tuɓe takalmi ka shiga, ko da rana ta take tsaka a bazara, sanyi ne zai tare ka tun daga tafin ƙafa. Ka ɗaga kai ka ga bakan gizo sun taso daga kowane bango sun haɗu a tsakiya, ƙasa ce zalla da azara, babu ƙusa babu ƙarfe. Na girma na ga fadojin da suka ninka shi girma a Zariya da Kano, na kuma yaba, amma har yau ban shiga ginin da ya sa na rage murya da kaina kamar wannan ba. A cikinsa ake raba gado, a cikinsa ake sasanta manoma da makiyaya, a bayansa kuma dagatan da suka shuɗe ke kwance.

Abin da ya riƙe shi tsaye shi ne yaɓe. Duk bazara, in zafi ya kai zafi aka fara ganin walƙiya can ƙasan gabas, sai mai shela ya zaga gari ya sa rana. Kafin ranar kowane gida ya haƙo jar ƙasa, ya karɓo kashin shanu a rugar Fulani, ya kwaɓa da ciyawa ya bari ya ruɓa. Mata su jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan, har ruwan ya yi baƙi, shi ake shafawa daga ƙarshe don ruwan sama ya riƙa zamewa. Ranar kuwa gari kaf yake fitowa. Wani na tattakawa, wani na curawa, wani na jefawa sama, na kan tsani ya cafe ya manna ya shafe da tafin hannu. Ana yi ana tsiya, 'yan kudu na ce wa 'yan arewa nasu ya karkace, su kuma suna ramawa. Kafin la'asar soro ya koma sabo fil, sai ka ce jiya aka gina shi.

Baba ba mai magana ba ne. Gajere ne, manomin dawa da barkono, wanda in ya amsa gaisuwa ya ƙara da wani abu to ranar ya yi surutu. Amma duk ranar da aka kwana ana ruwa, kafin ya nufi gona sai ya bi ta gabashin soro, ya tsaya ya dubi bangon daga sama har ƙasa, ya danna shi da babban yatsa, ya leƙa indararo ko ganye ya toshe hanyar ruwa. Inna, wadda magana ba ta kwana a cikinta, takan ce masa, “Malam, ɗakina na yoyo tun bara, kwano nake tarawa a kan gado, amma bangon mutane ko ƙuda ne ya sauka sai ka je ka gani.”

Sai ya ce, “Za a duba.”

Ni halin Inna na ɗauko, ba nasa ba. Na yi karatu na zama malamin makaranta a Kudan, amma duk ranar yaɓe ina hawa babur in dawo gida. Ban taɓa ƙwarewa ba. Baba ya gwada ni a kan tsani sau ɗaya, ya ga abin da na shafa, ya ce in sauko in riƙa cura masa, a nan kuma na tsaya har na yi gemu. Ban ji haushi ba, don kallon hannunsa ma wani abu ne. A hankali yake tafiya a kan bango, kuma inda ya wuce ba ya komawa.

Abu ɗaya ne abin kunya a wannan al'ada, shi ne kasonka ya zube a hannunka. An taɓa yi tun kafin a haife ni, wani gida ya yi sakaci har kusurwar yamma ta rufta. Yau in jikokin gidan suka yi faɗa da wani a bakin rijiya, abin da ake fara goranta musu ke nan.

Da tsohon dagaci ya rasu aka naɗa ɗansa, wanda ya daɗe yana aikin ofis a Kaduna. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne. Ya ajiye aikinsa ya dawo ƙauye, ya gyara mana famfon da ya shekara a lalace, kuma duk da rawanin da ke kansa yana russuna wa sa'o'in mahaifinsa. Yana son soron nan da gaske. Ya ga yadda mutane ke cika mota su tafi kallon tsofaffin fadoji da ganuwa a manyan birane, ya ce me zai hana namu. Sai ya samu abokin shawara, taubashina ɗan kawuna, shugaban samarin gari, mutumin da ko atishawa ya yi sai ya ɗauka a waya ya watsa wa duniya. Shi ya riƙa ɗaukar hoton soro yana sakawa, har aka fara tambayarsa ina ne nan.

Baƙin farko sun zo 'yan kwanaki bayan yaɓe, mota ɗaya daga Kaduna. Aka yi musu tarba irin tamu, aka yanka kaji, aka dama fura da nonon da ba a surka ba. Wani mai gilashi a cikinsu ya zagaya soron, ya shafa bangon da makuba ke ƙyalli a jikinsa, sannan ya juyo cikin ladabi ya tambayi taubashina.

“To, ina tsohon yake?”

“Ai shi ne wannan, Alhaji.”

“A'a, wanda ka ce tun zamanin kakanni. Wannan ai sabon gini ne.”

Aka yi masa bayani, ya gyaɗa kai irin na wanda ba ya son ƙaryata mai masaukinsa. Suka ci, suka yi godiya, suka tafi. Tambayar nan kuwa ta zauna a garin ta ƙi tafiya. A majalisar mai shayi ita ake yi, a kasuwa ita ake yi. Mu da ke ganin mun fito da soro cikin kwalliyarsa mafi kyau, ashe a idon baƙo mun yi ƙarya ne.

Da bazara ta zagayo, maimakon shelar yaɓe sai aka kira taro a cikin soro. Ina wurin, a bayan Baba. Taubashina ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, mutanen nan fa tsufa suke biyo hanya su gani. Mu kuma duk shekara sai mu tashi mu shafe tsufan da hannunmu. In sabon gini suke so ai akwai shi a Kaduna, har da fanka. A bar soro ya nuna shekarunsa, ka ga yadda motoci za su cika garin nan.”

Aka yi dariya, aka gyaɗa kai. Gaskiya kuma wasu daɗi suka ji a ɓoye, don yaɓe aiki ne mai karya baya, samari da yawa sun tafi birni, ruwan kwaɓa ma sai an yi nisa. Dagaci ya saurari kowa, sannan ya juyo wajen Baba.

“Baba, kai me ka gani?”

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, ruwan gabas bai halarci taron nan ba.”

Soro ya ɗauki dariya, an zaci raha ce. Shi ma dagaci ya murmusa ya ce, “Shekara ɗaya ba za ta kashe shi ba, Baba. A dakata da yaɓe tukuna, mu gani.”

“Yadda ka ce, ranka ya daɗe.”

Aka tashi, na bi Baba. Ko gida ba mu kai ba na fara. “Baba, ka buɗe baki ka ce a'a mana! Kowa bangonsa ruwa bai cika dukansa ba, naka ne a gaba.”

“Na faɗa.”

“Wannan faɗa ce?”

“A gaban rawani iyakarta ke nan.”

Na ce to mu kwaɓa a gida mu je mu yaɓe abinmu ba tare da an sani ba, in ya so a yi duk abin da za a yi. Ya tsaya cak a kan hanya ya dube ni. Ya ce kakansa da rana tsaka aka ba shi bangon, gari na kallo, shi ba zai je ya yi masa aiki kamar ɓarawo ba. Haushin sai na sauke a kan taubashina. Na ce masa shi ma ya daina wanka, ya bar jikinsa ya nuna shekarunsa, wataƙila a riƙa cika mota ana zuwa kallonsa. Ya ce ai in ana kallon marasa amfani ni za a fara kewayewa da waya, malamin da bai iya ko shafa laka ba. Haka muke da shi tun muna yara, amma ranar ba wasa nake ba.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Baba bai daina bi ta gabashin soro da safe ba, sai dai yanzu hannayensa a baya yake haɗe su, kamar mai tsoron kada su yi abin da ba a sa su ba. Tsohon yaɓe ya fara ɓarewa. Tubalan ciki, waɗanda tun da aka haife ni ban taɓa ganinsu ba, suka leƙo waje. Kafin masara ta nuna, tsaga ta fito daga ƙarƙashin indararo tana gangarowa. Duk zuwan da na yi daga Kudan sai in tarar ta ƙara tsawo, Baba kuma ya ƙara ramewa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Inna ta daina yi masa tsiyar ɗakinta.

Sai ga rani, sai ga baƙi. Dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba, lissafin taubashina ya fita. Hoton soro mai tsaga da tubali a waje ya yi tafiyar da na mai sheƙi bai yi ba. Ɗalibai suka riƙa zuwa a bas, iyalai a motocinsu, jefi-jefi har da Turawa masu jan kunne. Matan gari suka samu kasuwar fura da ƙuli-ƙuli, wani ya riƙa sarin mazarƙwaila daga Makarfi yana kasawa a gindin rimin da ke fuskantar soro, 'yan acaɓan Ikara suka haddace hanyarmu. Baƙin nan kuma ba marasa kunya ba ne. Suna tuɓe takalmi ba sai an ce musu ba. Na ga 'yan makaranta sun shiga suna hayaniya, da suka ɗaga kai suka ga bakan gizo sai suka yi tsit. Na ga wani dattijo daga birni ya zauna a daɓen ya daɗe, ya tashi yana yi wa maginan addu'a, mutanen da ko sunansu bai sani ba. Na ji daɗi har cikin raina, na ji garinmu ya ƙara tsawo. Amma duk wanda ya zo, inda yake ƙarewa shi ne gabas, don a nan tsufan ya fi fitowa, a nan hoto ya fi kyau.

Wata Asabar ina gida, na rako Baba daga fadama, muka tarar da wata mota. Wata budurwa cikin baƙin ta hango shi da fartanya a kafaɗa, ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi gida da aiki da gajiya, ba ta tsallake komai ba. Sannan ta ce, “Baba, don Allah ka ɗan tsaya a nan in ɗauke ka da bangon. Wallahi kun dace.”

Taubashina ya ce da alfahari, “Ai kin dace, Hajiya, shi ne mai bangon! Gadon gidansu ne.”

Baba ba ya ƙin baƙo. Ya je ya tsaya inda ta nuna, daidai gefen tsagar. Ta ɗauka, ta kawo masa wayar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo. Ni ma na leƙa. Ga shi nan, ga tsagar nan a kafaɗarsa tun daga sama har kusan ƙasa.

“Ya yi kyau ko, Baba?”

“Allah ya yi miki albarka, 'yata.”

Yarinyar ba ta yi laifin komai ba, abin da ta gani ta yaba. Amma ranar Baba ko taɓa tuwo bai yi ba. Da na matsa masa sai ya ce, “Yanzu duk inda hoton nan ya je, an san na wane ne.” Can kuma ya ƙara, “Hannuna na shiga tsagar nan har wuyan hannu. Bangon ba zai ga kaka ba.”

Da bazara ta sake kusantowa, ya je ya sami dagaci shi kaɗai ya faɗa masa haka. Dagaci ya karɓe shi da girmamawa, ya ce ya yi magana da wasu masana a birni za su zo su duba yadda za a tallafi bangon ba tare da an rufe tsufansa ba, a ƙara haƙuri shekara ɗaya. Ba ƙarya yake ba, ya yi maganar. Sai dai masanan ba su zo ba, walƙiya kuwa ta fara.

Ran wata Juma'a da hantsi ina gida hutu, lokacin da dattawa ke zuwa gaida dagaci, Baba ya sa farar rigarsa ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Inna ta ba shi sabon ƙoƙo. Inna na tankaɗe, sai na ga rariyar ta tsaya a hannunta.

“Malam, ƙoƙo kuma?”

“Sabo.”

Ban gane ba, sai da Inna ta juyo ta faɗa min. Akwai al'adar da ni ban taɓa ganin an yi ba. Wanda ba shi da magaji, ko zai yi ƙaura ya bar gari, yakan ɗebo ƙasar gindin bangonsa a sabon ƙoƙo ya ajiye gaban dagaci, ya mayar da kasonsa ke nan. Sharaɗi shi ne bangon yana tsaye. Dagaci zai tambaya wa zai karɓa, in ba a samu ba ya zama nasa. Wanda ya karɓa kuma dole ne ya yaɓe shi kafin ruwa ya taɓa shi, wannan ne shaidar karɓa, babu mai ikon hanawa ko ɗagawa. Kuma kason da aka mayar ba ya sake komawa gidan da ya fito har abada.

Na tashi tsaye. “Baba, ina raye? Ga ni, ga jikokinka! Kai ba marar magaji ba ne!”

“Saboda su ne.”

“Saboda su za ka ba da abin da kakanka ya bar mana?”

“A tsaye ya bar mana shi.”

Ya karɓi ƙoƙon ya fita. Na bi shi ina magana, ban ma san me nake cewa ba. Ya tsuguna a gindin bangon, ya ɗebi ƙasa da hannunsa, ya miƙe da ƙyar. Muka tuɓe takalma muka shiga.

Soro cike yake da dattawa. Baba ya faɗi ya yi gaisuwa yadda aka saba, bai rage komai ba. Da aka gama, sai ya matsa ya ajiye ƙoƙon a gaban buzun dagaci. Tsofaffin cikin suka gane nan take, na ji liman ya yi salati a hankali.

“Ranka ya daɗe, kakanka ya ba kakana bangon gabas yana tsaye. Na kawo maka shi yana tsaye.”

Dagaci ya dubi ƙoƙon, ya dubi Baba. Ya san al'adar, ɗan gidan ne. Ya ce, “Baba, ka ɗauke abin nan mu yi magana.”

“An riga an ajiye, ranka ya daɗe.”

Daga ƙarshe dagaci ya ɗaga kai, ya yi tambayar da dole ya yi. “Wa zai karɓi gabas?”

Na yunƙura zan yi magana duk da na san ba ni da hurumi, Baba ya ɗora hannu a gwiwata ko juyowa bai yi ba. Babu wanda ya motsa. Ba tsoron aikin ne ya hana su ba, babu dai wanda zai iya miƙa hannu ya karɓi abin nan Baba na zaune. Taubashina da ke bakin ƙofa, karo na farko a rayuwarsa, ya mayar da waya aljihu.

Dagaci ya jawo ƙoƙon gabansa. “Na karɓa.” Ya dubi Baba ya ce, “Baba, ka ɗaure ni.”

“Ban yi maka gardama ba, ranka ya daɗe.”

“Ba ka yi ba.” Ya juya wajen mai shela. “A zaga gari. In gabas zai sha yaɓe, ba za a bar sauran suna kallo ba. Kowa ya kwaɓa.”

A nan na ga girman mutumin. Wani ne da sai ya nemi hanyar kaucewa, ko ya riƙe abin a zuciya. Shi kuwa ranar yaɓe ya cire rawani da babbar riga, ya ɗaura tsohon wando, ya hau tsanin gabas da kansa, samarin gidansa na taya shi. Gari ya fito kamar da, har da waɗanda suka fi kowa gyaɗa kai a taron bara. Akwai 'yan baƙi a ranar, don a lokacin da wuya Asabar ta wuce ba su zo ba, suka koma gindin rimi suna kallo.

Baba bai hau tsani ba, tunda bangon ba nasa ba ne. Aikina ya karɓa, ya zauna a ƙasa yana curawa, ni ina jefawa sama. Sai da aka fara cushe tsagar da sababbin tubala kafin a kai ga yaɓe. Hannun dagaci hannun biro ne, laka na zamewa tana faɗo masa a ka, 'yan kudu suka samu abin yi, suka ce yau dai gabas ta faɗa hannun ɗan koyo. Shi ma yana dariya yana ramawa. Baba ba ya ɗaga murya, sai dai can ka ji ya ce, “A ɗan ƙara dannawa, ranka ya daɗe,” ko “A koma hagu kaɗan.” Na ga yatsunsa na motsi a cikin laka suna bin hannun dagaci. Sau da yawa na kau da kai don kada ya ga fuskata.

Bayan la'asar aka gama, mata suka shafa makuba. In an gama yaɓe, abinci ke fitowa daga gidan dagaci, kowane gida ya ɗauki akushinsa ya je ya jingina da kasonsa ya ci. Marasa kaso da baƙi su ke zama a gindin rimi. Dagaci ya zauna a gindin gabas, laka har gira, ya aiko aka ce Baba ya zo ga wurinsa nan. Baba ya ce a yi masa godiya. Dagaci ya taso da kansa ya kamo hannunsa.

“Baba, don Allah.”

“Wurin masu bango ne, ranka ya daɗe. Ka zauna, ka yi aiki.”

Ya ɗauki akushinmu ya tsallaka hanya, na bi shi. Baƙin suka matsa mana a tabarma, wani ya miƙo masa ruwa ya wanke hannu. Muka zauna muna fuskantar soro. Na buɗe akushi na tura gabansa, bai sa hannu ba. Ido ya zuba wa ginin. Hadari ya fara haɗuwa, soron ya tsaya jajir a gabansa, sabon yaɓe na ƙyalli tun daga gindi har zankaye, mutanen gari jere a ƙarƙashinsa suna ci suna hayaniya.

Na ce, “Baba, tuwon zai huce.”

Bai ji ni ba. Wani saurayi cikin baƙin, wanda bai san ko shi wane ne ba, ya ga yadda yake kallo ya ce, “Baba, kai ma yau ka fara ganinsa?”

Baba ya gyaɗa kai.

“Yau na fara,” in ji shi. “Kullum ko ina kansa, ko na juya masa baya ina cin tuwo. Ashe haka yake da kyau.”

Hawaye suka zubo min, ban ko share ba. Shi kuwa ya yi bismilla ya sa hannu a akushi, yana ci yana kallon bangon.